Kuskure Ɗaya a Zango na Uku

A Torrevento in ka tambayi mutum wane wuri Ilario Scaccia yake tsarewa a filin besbol, dariya zai yi ya ce maka duk inda aka bari. Shekara goma sha bakwai yana ƙungiyar garin. Ya tsare zango na ɗaya, ya tsare na biyu da na uku, ya yi gadin bayan fili dama da hagu, ya tsuguna bayan mai bugu yana cafe jifa ranar da babu mai tsugunawa, har jifan kansa ya taɓa yi sau biyu, ranakun da aka yi musu kaca-kaca koci ya ce ba zai ɓata hannun manyan masu jifansa a banza ba. Jakarsa ta fi ta kowa nauyi, saboda safar hannu biyar yake yawo da su, kowace da wurin da aka ɗinka ta dominsa. Duk da haka ba a taɓa buɗe kakar wasa da sunansa cikin mutum tara na farko ba. Sai wani ya gurɗe ƙafa, ko matar wani tana kan gwiwa, sannan koci ya waiwayi ƙarshen benci ya kira shi. Shi kuma tun da yake bai taɓa cewa a'a ba.

Bugu kam Allah bai ba shi ba. In ya ɗauki gora sau goma, da ƙyar biyu za su yi masa kyau, har 'yan kallo sun saba, lokacinsa ne suke tashi sayen kofi. Abin da ya riƙe shi a ƙungiya hannunsa ne. Ƙwallo in ta shiga safarsa ta shiga ke nan, in kuma ya jefa ta, tana zuwa inda ya aike ta.

A watan Maris, wajen cin abincin buɗe kaka a bakin tashar jiragen ruwa, shugaban ƙungiya Gualtiero Marafini, mai kamfanin daskarar da kifi, wanda shi ke biyan albashin kowa, ya kai kwalba ta uku sai ya fara lissafa tsofaffin da suka cinye masa benci. Ya ce Ilario shekara talatin da bakwai, ga samari can a Roma suna neman kujerarsa ido rufe. Koci Settimio ya ce samarin Roma su zo su nuna masa hannu irin na Ilario tukuna. Magana ta yi tsawo, kowa ya ƙi saukowa. Can sai shugaba ya miƙe ya ƙwanƙwasa kofin gilashi da cokali.

"To ku zama shaida," in ji shi. "In ya gama kakar nan ba a rubuta masa kuskure ko ɗaya ba, na ƙara masa shekara guda. In aka rubuta ɗaya tak, ya ba ni wuri. Ka yarda, Ilario?"

Mutum arba'in suna kallo. Kowa a wurin ya san ba a yi wa ɗan wasa irin wannan sharaɗi, ni kam har gobe rashin mutunci nake kiransa, balle daga bakin mutumin da bai taɓa cafe komai ba sai kifin da ya riga ya mutu. Ilario ya ce to, kamar yadda ya saba.

Bai gaya wa kowa ba, amma tsoro ya shige shi tun daga ranar. Tun yana ɗan shekara takwas bai san wata sana'a ba. Matarsa Orietta tana da yaya mai shagon tayil a kan hanyar Latina, kullum aka haɗu cin abincin Lahadi sai ya ce masa ga wuri nan yana jiransa, da zuciya ɗaya yake faɗi kuma, shi ya sa maganar ta fi zafi. Ilario ba ya raina sayar da tayil. Abin da bai sani ba shi ne wane mutum zai zama in ya tashi da safe babu wanda zai kira shi daga ƙarshen benci.

Wadda ke rubuta kuskure a filin Torrevento ita ce Sinyora Clelia, tsohuwar malamar firamare, ita ta koya wa Ilario karatu. Shekara talatin tana zaune a ɗan ɗakin gilashin da ke saman rumfar 'yan kallo, daidai kan zango na uku. In mai bugu ya buga ƙwallo ya kai zango na ɗaya kafin a riga shi, ita ke yanke ko ƙwarewarsa ce ta kai shi, ta rubuta bugu a wuyan mai jifa, ko kuwa sakacin mai tsaro ne, ta rubuta masa kuskure. Sai ta danna maɓalli, fitila ta kama a babban allo, kore ta bugu, ja ta kuskure. Ba ta da sani ba ta da sabo. Mijin 'yarta ma ta taɓa kunna masa jar fitila sau uku a rana ɗaya, ta je gidansu ta ci abincin dare.

Kaka ta yi ta tafiya, gari yana ƙirgawa tare da shi. Wasa talatin da ɗaya ya shiga, wuri shida ya tsare, jar fitila ba ta kama da sunansa ba. Mako biyar na ƙarshe duk a zango na biyu ya yi su, mai wurin yana jinyar yatsa. Ranar wasan ƙarshe, wata Lahadi a ƙarshen Agusta, mai wurin ya dawo. Da safe koci ya ja Ilario gefe ya ce masa yau ko tashi tsaye ba zai yi ba, ya nemi inuwa ya zauna. Wasan ba ya ɗaga su ba ya sauke su a teburin gasa, baƙin da suka zo daga arewa ma sauri suke su kama hanya. Ilario ya ji daɗi har ya ji kunyar daɗin da ya ji. Ya sayi ƙullin 'ya'yan kabewa masu gishiri ya zauna yana ɓarewa.

Mai jifan ranar Dámaso Urdaneta ne, mutumin Venezuela da aka ɗauko a watan Yuni. Dogo, ga hannu, ga girman kai. Italiyancinsa bai wuce na sayen burodi ba, shi kaɗai yake cin abincinsa, bai kuma damu ya riƙe sunan kowa ba. Tsoho yake ce wa Ilario, in ya ga dama ya miƙa masa tawul ya riƙe. Babu wanda ya taɓa zama da shi har a kai ga labarin sharaɗin watan Maris.

A zagaye na biyar ne Ilario ya lura benci ya yi shiru. Ya ɗaga kai ya dubi allo, ya gane. Baƙi ba su sami bugu ko ɗaya ba. Duk wanda ya ɗauki gora, ko ya sari iska ya koma, ko ya buga ta faɗa hannun mai tsaro. Mai jifa yakan yi shekara ashirin yana wasa bai gama zagaye tara a haka ba, a filin Torrevento kuwa rabon da a gani tun zamanin iyayensu. Kuma kowa ya san dokar da ba a rubuta ba: ba a ambaton abin. Ba a nuna allo da yatsa, ba a zama kusa da mai jifa, ba a canja kujera, wanda ya harɗe ƙafa sai ya bar ta a harɗe. Dámaso yana can ƙarshen benci shi kaɗai, tawul a ka, an bar masa fili kamar mai ƙyanda. A cikin 'yan kallo wani baƙon gari ya buɗe baki zai tambaya me ya sa aka yi tsit, mata biyu suka harare shi ya haɗiye.

Ilario ya ji zuciyarsa na bugawa, amma bugawar ɗan kallo. Ya gode Allah da abin ba a hannunsa yake ba.

Ƙarshen zagaye na bakwai, Fulvio mai tsaron zango na uku ya buga ƙwallo ya zura da gudu, bai kai rabin hanya ba ya dafe bayan cinya ya zube. Aka ɗauke shi mutum biyu. Koci Settimio ya juyo ya dubi benci. Masu jifa biyu da ba su san komai ba sai jifa, da Pancrazio mai jiran gadon cafe jifa, wanda tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki, sai Ilario. Koci ya dubi kowa ban da shi. Ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Sannan ya matso ya tsaya kusa da shi yana kallon fili, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Bayan naka fa? Da safe ka ce yana maka ciwo."

"Ban ce ba."

"Ka ce mana. Da kunnena na ji."

"Settimio, wa za ka sa? Pancrazio? Rabonsa da ganin ƙafafunsa tun bikin Ista."

Pancrazio ya ce a bar shi a inda yake, shi bai nemi kowa da faɗa ba. Babu wanda ya yi dariya. Koci ya ce wa Ilario ya yi tunani, zagaye biyu ne kacal suka rage masa ya shiga badi, yana da mata, shekarunsa kuma ba baya suke komawa ba. Ɗaya dalilin, wanda ya sa dole a sa hannu mai kyau a zango na uku, babu mai iya furta shi, sai dai duk suka saci kallon mutumin da ke ƙarƙashin tawul. Ilario ya so ya ce bayan yana ciwo. Wallahi ya so, har kalmar ta zo masa baki. Amma ya riga ya zuge jaka yana laluben safar zango na uku, hannunsa bai jira shawararsa ba.

Safar ta yi tauri, rabonsa da sa ta tun watan Mayu. Ya naushi cikinta sau da yawa yana tafiya. Da 'yan kallo suka ga wanda ya fito, sai wani gunaguni ya bi rumfar daga wannan gefe zuwa wancan. Ya hango Orietta ta tashi tsaye ta koma ta zauna. Ya hango shugaba Marafini a kujerarsa ta gaba, da farar malafa, ya daina lasar askirim ɗin da ke hannunsa.

Zango na uku ba wurin hutu ba ne. Mai bugu yana kusa, ƙwallo tana zuwa kafin ka gama ganinta, jifan da za ka yi zuwa zango na ɗaya kuwa sai ya ratsa fili gaba ɗaya. A zango na biyu mutum yana da sarari, ya kama, ya ɗan buga ƙwallon a cikin safa ya gyara riƙo, sannan ya miƙa ta, tafiyar kusa ce. A na uku babu wannan. Ilario ya sani sarai, ya kuma maimaita wa kansa yana tsaye: kama, jefa, kama, jefa.

Akwai kuma wani abu da duk mai tsaro ya sani, ba a dai faɗa. Ƙwallon da ba ka taɓa ba, ba a rubuta maka kuskurenta. In ta wuce ta gefenka ka makara da taku ɗaya, bugu ne, mai jifa ya ɗauki kayansa. Mutum na farko a zagaye na takwas ya buga wata mai zafi ta bi layi, ta kauce waje da ɗan kaɗan, alƙalin wasa ya ce ba ta shiga ba. Ilario ya dubi ƙafafunsa, ya ga ko motsi ba su yi ba. Bai yi niyyar tsayawa ba, amma bai tabbata bai yi niyyar ba, wannan ne ya ba shi haushin kansa. Ya tofar da yawu ya matsa gaba taku biyu, inda ƙwallo ta fi samun mutum.

Dámaso ya fitar da wannan da jifa uku. Na biyu ya ɗaga ƙwallo sama can, daidai kan Ilario, ta shiga cikin rana ta ɓace masa. Ya kare ido da safa yana jujjuyawa, yana jin numfashin mutum dubu biyu ya tsaya, sai ga ta ta fito, ya tare ta da hannu bibbiyu kamar mai karɓar jariri. Na uku ya sari iska. Da Ilario ya dawo benci koci ya miƙa masa ruwa, rabinsa ya zube a hanya.

Zagaye na tara, Torrevento na da biyu, baƙi ba su da komai. Mutum uku suka rage. Na farko ya tsaya yana kallo jifa na uku ya wuce shi, ya koma yana gunaguni. Na biyu ya buga wata mai nisa har mutane suka dafe kai, mai gadin tsakiyar fili ya bi ta ya kama a gindin katanga. Saura ɗaya. Duk rumfa ta miƙe tsaye, amma shiru, sai ƙarar tutoci da iskar teku ke kaɗawa. Ilario yana ta roƙo a ransa, ya kuma san roƙon matsoraci ne: ko'ina, ko'ina ban da nan.

Na ukun wani ɗan siriri ne bahago, mai gudun tsiya. Ƙwallon farko ya bari ta wuce. Ta biyu ya sare ta ƙasa, ta daki turɓaya ta yi tsalle, ta nufo zango na uku.

Wannan karon ƙafafun ba su tsaya ba. Ilario ya taho da gudu ya tare ta a tsalle na biyu. Ta shiga safa, ta ɗan yi rawa a cikin busasshiyar fatar, ya danne ta. Har nan babu laifi, lokaci yana nan. Sai jikinsa ya yi abin da ya yi mako biyar yana yi a zango na biyu. Ya ciro ƙwallon, ya ɗan buga ta sau ɗaya a cikin safa, sannan ya jefa. Tana barin hannunsa ya san abin da ya aikata. Ƙwallon ta tafi ɗoɗar, ta faɗa hannun mai tsaron zango na ɗaya, amma ƙafar bahagon ta riga sauka. Alƙali ya buɗe hannuwa biyu, mutum ya tsira.

Babu wanda ya yi ihu. Kawuna dubu biyu suka juya sama wajen ɗakin gilashi, allo kuwa babu kore babu ja.

A ƙa'ida jinkiri ba kuskure ba ne. Mutum ya kama, ya jefa daidai, mai gudu ya riga shi, bugu ke nan, babu wanda zai ce wa Sinyora Clelia don me. In kuma ta ce ƙwallon ta yi rawa a safa, kuskure ne, nan ma babu mai ja. Duk garin ya san abin da kowace fitila za ta kashe. Kore, Dámaso ya rasa abin da ba zai ƙara samu ba. Ja, Ilario ya gama. Shi ya sa aka rasa mai buɗe baki, waɗanda a wata rana za su cika fili da ihun a rubuta kuskure, yau sun tsaya kamar an ɗaure su. Dámaso ya juya wa allo baya a kan tudun jifa, yana murza ƙwallo da hannu biyu.

Ilario ya ɗaga kai. Daga inda yake yana ganin Sinyora Clelia sarai ta gilashi, da tabarau a kan hanci. Shi take kallo. Ta ɗan girgiza masa kai, irin girgizawar da take yi a aji in tana nufin ka zauna ka kama bakinka. Ya ga hannunta ya tafi hagu, wajen maɓallin kore.

Abin da ya rage masa kawai kada ya yi komai. Ya sunkuya kamar zai gyara igiyar takalmi. Ba ƙaunar Dámaso yake yi ba, ko kaɗan. Mutumin bai san sunansa ba. Kuma ba ƙarya za a rubuta ba, ƙa'ida ce ta ba shi. Ya tuna shagon tayil, ya tuna ƙarfe bakwai na safe da ƙurar siminti. Amma ya san yana da lokaci ya zubar, ya san da Fulvio ne da yanzu ana can ana rungume-rungume. Shekara goma sha bakwai aikinsa ke nan, a sa shi a wurin wani, kada a ga bambanci. Yau an ga bambanci. In aka kunna kore, zai zo badi ya zauna a bencin nan, kullum yana kallon mutumin da ya biya masa kujerar bai ma sani ba.

Ya miƙe. Ya juya ya fuskanci ɗakin gilashi, ya buga ƙirjinsa da tafin hannu sau uku, alamar da kowane ɗan wasa ke yi in yana cewa nawa ne.

Sinyora Clelia ta girgiza kai da ƙarfi. Daga benci ya ji muryar koci yana kiran sunansa, murya ƙasa-ƙasa kamar mai roƙo. Ya sake buga ƙirji, wannan karon har sai da kowa ya ji ƙarar. Ta cire tabarau ta ajiye. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan jar fitila ta kama.

Wasu suka fara tafi, suka tuna da sharaɗin shugaba, tafin ya mutu a hannunsu. Koci ya yi ƙwallo da bokitin ruwa. Dámaso ya waiwaya ya ga ja, ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba haƙƙinsa, ya koma kan aikinsa. Mai bugu na gaba bai daɗe ba, jifa uku ya sari iska uku. Ƙwallo ba ta ƙara zuwa wajen Ilario ba.

Sai fili ya fashe. 'Yan wasa suka ruga suka danne Dámaso a kan tudu, mutane suka tsallako katanga, wani ya hau babur yana zagaya fili yana hon. Ilario ma ya je ya dafa bayan wani a gefen taron, don kada a ce bai zo ba, sannan ya sulale ya nufi ɗakin canja kaya.

A bakin ƙofa ya tarar da koci ya tare shugaba Marafini, yana magana da hannu da ƙafa. Yana ce masa ya gani da idonsa, mutumin nan da kansa ya ɗora wa kansa, in akwai ɗan wasan da ya cancanci shekara goma ma shi ne. Shugaba yana ta juya malafarsa a hannu, fuskarsa ta yi ja. Ba daɗi yake ji ba, wannan kam ba zan musa ba. Amma yana cikin mutanen da gara su rasa ɗa da a ce sun janye magana a gaban jama'a. Da ya ga Ilario sai ya miƙa masa hannu.

"Mutum arba'in suka ji ni, Ilario. In na canja yau, gobe ko mai share mini kanti ba zai ɗauki maganata ba. Da ka yi shiru. Wa ya aike ka?"

"Babu kowa, Shugaba."

"To ka gani." Ya riƙe hannun, sai ya ce za a shirya masa walima ta ban kwana, da kifi mai kyau. Koci ya faɗi wata kalma da ba zan rubuta ba, ya shige ciki.

Sinyora Clelia tana saukowa daga matakala da littafinta a hammata, tana dafa bango. Ta tsaya a gabansa, kanta bai wuce ƙirjinsa ba.

"Karatu na koya maka, Scaccia, ban koya maka wauta ba."

"Ai kin gani, Malama. Na buga ta a safa."

"Na gani. Shekara talatin ban taɓa rufe ido ba. Yau ɗaya na so in rufe, ka hana ni." Ta ce ya matsa mata ta wuce.

Ɗakin canja kaya ya cika da waƙa da warin giya mai kumfa, an jiƙa kowa sharkaf. Da Ilario ya shigo sai waƙar ta ragu, mutane suka fara neman abin kallo a ƙasa. Ya je wurinsa ya zauna. Bai gama cire hula ba sai ga Dámaso ya ratso taro, babu riga, kwalba a hannu, fuskarsa kamar ta yaro ranar salla, Ilario bai taɓa ganin mutumin yana dariya haka ba. Ya rungumo wuyan Ilario ya sumbaci tsakiyar kansa, ya yi magana da gurgun Italiyancinsa yadda kowa zai ji.

"Tsoho, kada ka sa wa ranka damuwa. Kuskure ɗaya, me ne ne? Kowa yana yi. Na yafe maka. Badi ka zo da wuri, ni da kaina zan koya maka tsaron zango na uku."

Pancrazio ya ajiye kofinsa ya yunƙura zai tashi, bakinsa a buɗe. Ilario ya dube shi ya girgiza kai, Pancrazio ya koma ya zauna.

"To," in ji Ilario. "Badi."

Dámaso ya daki kafaɗarsa, ya ɗaga kwalba ya koma cikin taro yana jan waƙar garinsu, wasu suka kama masa don babu yadda za su yi. Ilario ya zauna yana murmushi, bai sauke murmushin ba har sai da kowa ya daina kallonsa.